Abokin Hirar Saje Bang

Bututun mai na kama bayan jirgin yaƙin, bakin Saje Bang Deok-su ya buɗe.

"Bebe, ka iso? Yau kam na shiga uku. Asabar ɗin nan za a kai ni gaban yayar Ha-rin."

Haka aikinmu yake. Jirgin dakon mai yana tafe a sama, jiragen yaƙi su matso ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya su sha. Da zarar bututu ya kama, waya ta haɗu tsakanin mai ba da man da matuƙin, su yi magana rediyo bai ji ba. Wasu su tambayi labarin ƙwallo, wasu su yi tsokana. Shi kuwa Bang, da yake surutu ne abincinsa, sai ya mai da wayar wurin kai kuka.

Bebe matuƙin jirgi na biyu ne a ayarin da ke zuwa mana daga sansanin Daegu na ƙasar Koriya. Shugaban ayarinsu ke magana a rediyo, shi kuwa bai taɓa cewa uffan ba, shi ya sa muka laƙaba masa sunan. Iyakarsa ya danna maɓalli sau biyu: ƙas, ƙas. A wajen mutanen sama, ma'anar wannan ita ce na ji, na amince. A allon da Bang yake kallo kuma ba a ganin komai sai hular kwano, baƙin gilashi da takunkumin iska.

Ai kuwa Bang ya samu kunnen banza. Cikin 'yan watanni babu abin da bai zazzage wa Bebe ba: cewa yana tsoron leƙa ƙasa daga bene, cewa yaji kaɗan ke sa shi hawaye, cewa a ranar da ya fara ganin budurwarsa Ha-rin tana tsallakar da ɗalibanta titi ya afka wa turken fitila da kekensa.

"Saje, ka bar bawan Allah ya sha mai cikin natsuwa mana!" in ji Manjo Pyo, matuƙinmu.

"Ranka ya daɗe, shi bai yi ƙorafi ba."

Matsalar ita ce yayar. Iyayen Ha-rin sun rasu tun tana ƙarama, yayarta Gi-ok ce ta rene ta, kuma Ha-rin ta faɗa ƙarara: in Yaya ba ta amince ba, babu aure. Da Bang ya tambayi sana'ar yayar, sai ta ce, "Tuƙi take yi wa gwamnati. Ta hana ni faɗin fiye da haka."

"Direbar bas ce, Bebe, na rantse," in ji Bang. "Tsohuwar damisa, mai gasa wa fasinja aya a hannu."

Nan take jirgin Bebe ya yi wata girgiza, bututu ya fizge. Bang ya ɗora laifin kan iska, ya sake haɗawa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya shirya ƙaryarsa tsaf: zai ce saura ƙiris ya zama matuƙi, zai ce shi da barkono aminai ne. Ya jira ƙas, ƙas. Shiru.

Mai ya kusa cika sai muryarsa ta sauka.

"Gaskiyar magana, Bebe, tsoro nake ji. Ni ba kowa ba ne, mai zuba wa mutane mai ne. Amma yarinyar nan, in aka hana ni ita, ban san ina zan sa kaina ba."

Jirgin ya ɗan jima a maƙale bayan tankinsa ya cika, sannan ya zame ya tafi.

Ranar Asabar da rana, Bang ya isa gidan gashin nama sanye da kwat ɗin aro. Ya yi murna da ya ga an kama musu tebur a hawan ƙasa, alhali gidan hawa-hawa ne. Gi-ok 'yar ƙaramar mace ce, ba ta ko kai shi kafaɗa ba, da wani jan layi a karan hancinta kamar na mai sa tabarau. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Ta gyaɗa kai kawai.

Aka kawo miya. Ta kowa ja wur da barkono, tasa fara sol. Sa'a ce, in ji shi a ransa.

Ya zuba mata giya da hannu biyu, ya kau da fuska don ladabi ya kurɓi tasa, ya gyara murya.

"Yaya, ni dai saura ƙiris in zama..."

Ta ɗago ido ta dube shi. Kallon ya kwashe masa ƙaryar kaf, har da wadda ya ajiye ta ko-ta-kwana. Ha-rin ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Saura ƙiris in zama... ba komai, Yaya. Mai nake zubawa. Ina tsoron bene, ba na cin yaji, kwat ɗin nan ma ba tawa ba ce. Amma ina son Ha-rin, kuma ba zan bari ta yi kuka ba. Ki ba ni ita."

Nama yana ta ƙonewa a kan wuta babu mai juyawa. Bang ya riga ya fara tunanin yadda zai ba Bebe labarin wannan asara ranar Litinin.

Gi-ok ta ɗauki tsinken cin abincinta na ƙarfe, ta kai shi gefen kwanon shinkafa, idonta cikin nasa.

Ƙas, ƙas.