Gwaji na Arba'in da Ɗaya

"Malama, ki girka shi a kan kwamfutar kawai, ya fi sauri," in ji abokin aikin mijina.

Na girgiza kai. Kwamfutar marigayi ce, kuma tun ranar hatsarin ban yarda a sauya ko ɗigo a cikinta ba. Na buɗe folda, wato wurin ajiya daban, na haɗa aikin da mijina ya bari a can, don in gwada shi ba tare da ya taɓa komai ba. Ƙaramin ɓangaren manhaja ne da masu rubuta manhajar asibiti ke lissafa ranar haihuwa da shi. Gobe za a miƙa.

Na saki gwaje-gwajen. Arba'in suka wuce lafiya, na ƙarshe ya fito da jan rubutu.

"Ba ya cikin jerin da muka tsara, share shi," in ji shi.

"Bari in duba tukuna."

Bayanan mace ɗaya ne a ciki. Shekaruna, ranar da na je awo a ɓoye, da watan da likita ta ce min zan haihu. Gurbin sunan jariri mijina ya bari babu komai, shi ya sa gwajin ya faɗi.

Sati shida ina kukan ya rasu ban gaya masa ba.

A ƙasa ya rubuta: "Na ga katin a jakarki. Zan yi kamar ban sani ba, sai kin faɗa min da bakinki."