Kason Mama Lulong

Duk ƙauyen sun shaida babu surukin kirki irin Jimbun. Wa kuma zai riƙa ɗaukar uwar matarsa, Mama Lulong, a mota duk Asabar, ya tsallaka da ita daga ƙasar Brunei zuwa garin Limbang da ke ƙetaren iyaka, wai don ta sha iska?

Iskar kuwa a gwangwani take. A Brunei ba a sayar da giya, amma doka ta yarje wa duk baligin da ba Musulmi ba ya shigo da giya gwangwani goma sha biyu da kwalba biyu. Mama Lulong ba ta sha, ba ta da surutu, ga ta da fasfo. Jimbun bai taɓa ganin tsohuwa mai albarka kamarta ba.

Wannan Asabar ta fi kowacce. Bikin girbi saura kwana uku, shi kuma ya riga ya bugi ƙirji a gaban yayyensa cewa babu mai tashi daga gidansa da ƙishirwa. Sai ya je har garin Tutong ya ɗauko tsohuwar daga gidan ƙanwarta, inda ta yi wata guda.

Ta shigo da mayafi a ka. Ya ɗauka sanyin mota ne, ya rage mata. A Limbang ta ture taliyar naman aladen da take matuƙar so. Ya ce tsufa ne, ya haɗa da kwanonta ya share. Da rana ta karkata ta ɓace na ɗan lokaci, ta dawo fuskarta da danshi. Shi dai yana can yana jera gwangwani a bayan mota.

A kan iyaka ya cika takarda biyu, ya miƙa wa jami'ar kwastan yana murmushi irin na ɗa nagari.

"Rabi nawa, rabi na Mamana. Mama, sa hannu a nan."

Tsohuwar ta harɗe hannuwanta. Ta ce tun safe take son yi masa wata magana, amma ko ina kwana bai tsaya ya ce mata ba.

Jami'ar ta ɗago kai ta dube ta. Ta ajiye takardun, ta zagayo ta sumbaci hannun tsohuwar, sannan ta sa aka sauke rabin kayan. Jimbun kuwa fuskokin yayyensa kawai yake gani.

"Ranki ya daɗe, ai kasonta ne."

"Kasonta? Bawan Allah, ni da kaina na koya mata alwala makon jiya."