Tayin Farfesu a Gidan Kallo

A gidan kallo na wannan zamani, abin da ka ci shi ne wanda za ka zama. In ka ci kwanon jarumi, duk naushin da aka kai masa a fim a haƙarƙarinka zai sauka. Shi ya sa aka hana taɓa kwanon wani.

Jatau mahauci ya sayi farfesun ɗan dambe, don shi dukan yake zuwa sha. Tsohon da ke gefensa, Malam Ilu, kunun ɗan kallo ya karɓa, wanda babu mai taɓa shi.

Amma Jatau ya sami tarbiyya, ba ya cin abinci gaban babba bai yi tayi ba.

"Baba, bismillah."

"Alhamdu lillahi, ɗana, ci abinka."

"Haba Baba, ko tsoka ɗaya! Ƙyamata kake yi?"

Tsoho ya ji kunya, ya ɗauki ƙarama.

Aka shiga fage. Naushin farko Jatau ya yi dariya, Malam Ilu kuwa ya tofar da haƙori. Na biyu, ƙashi ya ce ƙas a ƙirjin tsoho.

Jatau ya miƙe yana ihu, "Ku tsayar da fim ɗin!"

"Zauna, malam, ka tare mana!" in ji 'yan kallo.

Jatau ya zura wa tsoho yatsa a maƙogwaro don ya amayar, sai jini. Ya damƙi hannun mai rabon abinci. "Baiwar Allah, yaya za a yi?"

"Tunda ya haɗiye, sai an gama," in ji ta. "Kuma ɗan damben nan mutuwa yake yi a turmi na uku. Ku matasa dai kukan farfaɗo."