Zumar Magatakarda

Kwalbar zumar magatakarda ta ɓace daga kabad ɗin ofishin kotu ranar Talata, shi kuwa ya yi tsalle ya dire ya ce sai Baba mai shara ya bar aiki. Wa ke shiga ofis kafin kowa in ba shi ba? Zumar nan surukarsa ce ta aiko masa saboda tari, ko cokali uku bai sha ba.

Ya tasa tsohon a gaba har ɗakin alƙali. Baba sai roƙo yake, don shekara ashirin tsintsiyar nan ce ke ciyar da gidansa.

Alƙali ya ture kofin shayinsa gefe. Tun da likita ya ambaci ciwon suga matarsa ta hana shi ko ƙwayar sukari, kullum da haushi yake kurɓa. Yau dai da fara'arsa.

"Kai ka kawo ƙara, kai za ka kawo hujja," in ji shi. "Ina shaidunka biyu?"

Babu ko ɗaya.

"Kabad ɗin da makulli?"

Ya lalace tun bara. To, abin da ba a killace ba, in ji Malam alƙali, ɗaukarsa ba ta kai satar da ake wa haddi ba. Malam ya jawo littafi, ya jawo wani. Shekara tara magatakarda na rubuta masa hukunci, ko a shari'ar kisa bai taɓa jin ya zuba ilimi haka ba.

Baba ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, in dai za a bar mini aikina, a ce ni ne."

"Kul! Amsa laifi cikin tsoro ba amsawa ba ce. Ka musa, to rantse."

Baba ya rantse, har da ƙwalla.

Magatakarda ya gwada dabararsa ta ƙarshe. "Malam, ƙofarka na kallon kabad ɗin nan. Ba ka ga komai ba?"

"Alƙali ba ya hukunci da abin da shi ya sani. Baba, koma kan aikinka."

Takaici ya sa biro ya suɓuce wa magatakarda, ya gangara ƙarƙashin teburin alƙali. Ya sunkuya ɗauka, ya daɗe bai ɗago ba.

Malam ya yi gyaran murya. "Kafin ka ce komai, shari'a ba ta karɓar shaidarsu."

Jerin kiyashi ne, tun daga bakin ƙofa, suna hawa ƙafar teburin ɗaya bayan ɗaya suna shigewa durowar Malam ta ƙasa.