Rabin Harafi a Tiren Yashi

Harafin O ne ya fara tayar wa Maman Gimbiya da hankali. An zana shi a tiren yashin da ke kan teburin falo, amma gefensa na hagu a buɗe yake, kamar ƙwaryar da ta fashe.

Tun da aka rufe makarantu malamar 'yan nazire ta turo wa iyaye saƙo a waya: a zuba yashi mai laushi a tire, yaro ya riƙa zana haruffa da yatsa, a ɗauki hoto a turo mata. Uwar a gidan burodi take aiki, sammako take yi ta dawo da la'asar. Mijinta kuwa direban motar makarantar ne. Ba ɗalibai, ba tuƙi, sai karatun 'yarsu ya dawo hannunsa.

Gimbiya suke kiran yarinyar, saboda tsabar ƙyama. Shekararta biyar, amma ko miya ta taɓa mata yatsa sai ta tada gida an wanke. Kullum uwar ta dawo, sai ta kakkaɓe mata farar ƙura daga gaban riga tana mita, sannan ta ɗauki hoton tiren.

Da farko haruffan gwanin sha'awa, har malama tana turo yabo. Kwatsam sai abu ya canza. O ya buɗe. Washegari H ya rasa ƙafarsa ta hagu. Daga nan rubutun ya riƙa tsere wa gefe guda, ya cunkushe a bakin tire ta dama, rabin yashin ko yatsa bai taɓa ba.

Ta tura wa mijin tiren gabansa yana cin abinci. "Don Allah dubi wannan rubutu."

Ya duba, ya ɓata rai. "Me ya same shi? Tsaf yake."

Haushi ya turnuƙe ta. Zaman gida ya mayar da mutumin nan wani iri, wallahi. Ko aski ya daina yi da kyau, kunci ɗaya fes, ɗayan duk gashi. Shinkafa ma rabi ya ci ya ture faranti, wai ta ƙare. Da ya tashi fita kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofa, ya tsaya yana zagin kafinta. Ta yi tsaki ta kwashe kwanuka. Mutumin da bai kula da fuskarsa ba, ina zai kula da rubutun yarinya?

Ranar da ta tura hoton M mai ƙafa ɗaya, malama ba ta aiko da saƙo ba, kira ta yi. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Maman Gimbiya, na saba ganin yara suna juya harafi ko su kifa shi, wannan ba komai ba ne. Amma yaro ya riƙa zubar da gefe guda kullum, ban taɓa gani ba. Na nuna wa yayata, ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce duk wanda ya yi rubutun nan kamar ba ya ganin abin da ke hagunsa, kuma matsalar tana iya zama a ƙwaƙwalwa. Kada ku kwana ba ku je asibiti ba."

Uwar ta ajiye wayar. Ta leƙa ɗaki ta ga Gimbiya tana goya 'yar tsana, tana rera mata waƙar haruffa. Ita ke nan gare su, sai da suka yi shekaru suna nema kafin Allah ya ba su. Ta jingina da bango ta share hawaye da bakin mayafi.

Ba ta son gardama, don haka ce wa mijin kawai ta yi za a duba idon yarinya. Bai yi musu ba, ya ɗauko makullin tsohuwar motarsu.

Ta zauna a baya ta rungume 'yarta. Motar ta hau babban titi, ya taka ta sosai yadda ya saba in ya makara ɗaukar ɗalibai. Can gaba akwai mararraba, wata tirela ta danno kai daga hagu tana zuba hon. Uwar ba ta ma kula ba, wayarta take nuna wa yarinyar.

"Gimbiyata, gaya mini gaskiya. In kina rubutu a tire, wannan gefen duhu kike gani?"

Yarinyar ta kalli hoton ta yamutsa fuska.

"Umma, ni ai ba na taɓa yashi, shiga mini farce yake. Nawa da alli nake yi a bayan ƙofa. Na tire duk Abba ne yake rubutawa."