Fijon Alhaji Sallau

Tun da ciwo ya karkatar wa Dije da baki, motarta ta daina gane ta. A Funtuwa kuwa an daɗe da barin makulli. Fuskar mutum ce ke buɗe masa mota da gida, har da ƙofar kanti.

Ran da aka bugo mata cewa 'yarta tana naƙuda a asibitin Zariya, ta tsaya gaban motar tana ƙoƙarin daidaita leɓenta da yatsa.

"Yi haƙuri, baƙuwa," in ji motar cikin ladabi. "A matsa daga jikin dukiyar Hajiya Dije."

Maƙwabcinta Alhaji Sallau, wanda raunin ido ya raba shi da tuƙi, ya ji komai daga dakalinsa. Ya kira ta, ya yaye tamfol daga kan tsohuwar Fijonsa, wadda yake tayarwa duk Juma'a don kawai ya ji kukanta. Ya miƙa mata makulli.

"Hajiya, kin tuna yadda ake yi?"

"Da irinta na koyi tuƙi, Alhaji."

Ta zira shi, ta murɗa. Ƙofa ta buɗe. Injin ya yi tari, ya kama. Sai kuma ta juyo ta dubi Sallau.

"Ƙofar asibitin fa? Ita ma fuska take nema."

Sallau ya lallaɓa ya zagaya, ya shiga gefenta.

"Tawa ba kyau gare ta ba, amma suna karɓa. Ke dai ki duba mana hanya."

Sun isa ana yi wa jaririya wanka.