Ranar Da Ladi Ta Yi Nauyi

Malam Hammajoda ya hura usur, ma'aikata suka ci gaba da hirarsu.

Haka ake atisaye a ɗakin binciken da wata jami'ar kudu ta buɗe a bayan unguwar Turawa ta Bauchi, inda ake tatsar dafin macizai don neman magani. Kowace Talata sai Liatu, mai wankin kwalabe, ta ɗauko Ladi daga durowar Malam ta shimfiɗe ta a ƙarƙashin benci. Ladi fatar macijiya ce, kasa, da aka cusa wa auduga, aka ɗinka mata maɓallan riga a gurbin idanu. Malam ya hura usur, a ce maciji ya kuɓuce, shi kuma ya zo da gwafa ya danne wuya, ya kama bayan muƙamuƙi, ya zura a buhu. In dai a kan Ladi ne, duk Arewa babu jarumi irinsa.

Masu rai kuwa aikin Toma ne. Malam daga bakin ƙofa yake kula da su, domin a cewarsa shugaba yana bukatar ya ga ɗaki gaba ɗaya.

Daminar da ake shirin karɓar mulkin kai, Baturen da ke riƙe da wurin ya fara ɗaure kayansa. Jami'a ta ce za ta turo farfesa ya ga yadda aka horar da ma'aikata. In ya gamsu, kujerar ta Malam ce. In bai gamsu ba, a kawo wani daga Legas. Shi kuwa Malam har ya riga ya ɗinka babbar riga, ya kuma sanar da surukansa a unguwar Ɗan Iya.

Ana gobe baƙo zai zo, ya tara jama'arsa.

"Gobe ba na son dariya. Kai Elias, kai nake nufi. Ku ɗauka tana da rai. Wanda bai ji tsoro ba, ya nemi wani aikin."

Ya sa aka wanke ƙasa, aka cika bokitan yashi. Goronsa ma, tunda shi ya rataya dokar hana ci a ɗakin, ya kai shi inda idon baƙo ba zai kai ba, ya murza makulli. Toma ya sake ɗauko zancen sakatar wani akwatin macizai da ta daɗe tana lilo. Da gari ya waye, Malam ya aike shi kasuwar Wunti sayen kajin baƙo, ya ce kada ya yi gaggawar ciniki.

An kwana ana ruwa, ɗakin ya yi sanyi ƙalau. Farfesa ya iso, dogo, da tabarau a kan hanci. Liatu ta matso kusa da Malam tana murza hannu.

"Malam, dama durowar..."

"Ba yanzu ba, Liatu."

Ya saci kallon ƙarƙashin benci, ya hango zanen bayan nan da ya sani, a naɗe a lungu. Yarinyar nan har ta iya naɗi, ya ce a ransa. Ya hura usur.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin fatansa. Elias, wanda bai taɓa gama atisaye ba tare da ya tuntsire da dariya ba, sai ga shi a kan tebur da takalmansa. Liatu ta manne da bango tana kiran sunan Yesu. Har Baturen da ke shirin tafiya ya ja da baya, abin da bai taɓa yi wa Ladi ba.

"Malam," in ji Elias daga sama, "tana numfashi fa."

Malam ya ƙudura a ransa zai ƙara wa yaron nan girma.

Ya ɗauki gwafa, ya taka a hankali kamar mai zuwa gaisuwar surukai, yana yi wa farfesa bayani da Turancinsa na ranar biki. Ga yadda ake tunkara. Ga inda ake dannewa. Ya sunkuya ya kama bayan muƙamuƙi, ya tallafo tsakiya, ya ɗaga. Ta yi nauyi, ta yi sanyi. Auduga ta sha danshin damina, ya ce a ransa, gobe a shanya ta. Wutsiyar ta zamo ta kwanta masa a dantse, ya karkaɗe ta yana ci gaba da magana. Sai da ya juya ta dama da hagu don baƙo ya more kallo, sannan ya zura ta a buhu.

Ya miƙa wa Elias buhun. Elias ya ce shi daga nan ma yana gani sosai.

Farfesa da kansa ya karɓa, ya ƙulle bakin buhun ƙulli a kan ƙulli, ya sa a akwati, ya ɗora dutse. Ya cire tabarau ya goge goshi, duk da sanyin da ake yi. Ya ce ya zagaya ɗakunan bincike har ƙetare, bai taɓa ganin mai horar da mutanensa ta wannan hanya ba, kuma ba ya ba da shawarar a maimaita. Amma natsuwa irin wannan ba a makaranta ake koyonta ba. Kujera ta Malam ce.

"Ranka ya daɗe, kowace Talata muke yi," in ji Malam.

Farfesa ya nemi wurin zama.

Malam ya shige ofis yana taku irin na sabon shugaba. Rana irin wannan ta cancanci goro, doka ko ba doka. Ya ja durowa, ta ƙi. Ya laluba aljihu, ga makulli nan inda ya sa shi tun jiya.

Ya buɗe. A kan ƙunshin goron Ladi take kwance, tana kallonsa da maɓallanta biyu.